Motsa Jiki da Girman Yaro: Ɗan Birni da Ɗan Karkara

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara na ƙungiya a garin Rano



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta da mataimakansa, iyayenmu malamai waɗanda suka koyar da mu da waɗanda ke koyar da ƙannenmu a yanzu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an iso lafiya. Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan motsa jiki da yadda yake shafar girman jikin 'yan makaranta, na birni da na karkara. Wannan batu ya shafe mu ta fuska biyu, domin da yawa daga cikinmu a ƙauyukan Rano da Kibiya aka haife mu, amma aiki ya kai mu Kano, 'ya'yanmu a can suke tasowa, 'ya'yan 'yan'uwanmu kuwa suna nan gida.

Akwai maganganu iri biyu da kowa ya saba ji. A birni za ka ji uba yana ce wa ɗansa ya riƙa buga ƙwallo ko lilo a jikin ƙarfe don ya yi tsawo. A karkara kuma za ka ji an ce aiki ne ke gina yaro, wai shi ya sa ɗan ƙauye ya fi ɗan birni ƙarfi. Kowace daga cikinsu tana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma idan muka ɗauke su yadda suke, za mu kashe kuɗin ƙungiya a inda bai kamata ba. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne: motsa jiki ba ya ƙara wa yaro tsawo. Abin da yake yi shi ne ya ƙarfafa ƙashi da tsoka da zuciya, shi ma sai idan akwai abinci a ciki. Saboda haka bukatar yaron Tarai ko Zurgu daban take da ta yaron Hotoro ko Sharaɗa.

Bari mu fara da yadda yaro ke yin tsawo. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri da na hannu, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. A nan ne ƙashi ke ƙaruwa. Muddin wannan faifai yana nan, yaro yana kan girma. Idan balaga ta kammala sai ya daskare ya zama ƙashi, daga nan kuma an rufe ƙofar tsawo har abada. Ga 'ya'ya mata yawanci wannan yana faruwa tsakanin shekara 14 zuwa 16, ga maza kuwa tsakanin 16 zuwa 18, ko da yake rashin isasshen abinci kan jinkirta shi. Masu sha'awar ƙwallo a cikinmu za su tuna gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Nijeriya ta ɗauki baƙunci a 2009, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A wannan gasa ce FIFA ta shigo da ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa da na'ura don gane masu rage shekaru. Wannan faifai ne suke dubawa. Idan ya riga ya rufe, to takardar haihuwa ta faɗi abin da ta ga dama.

Abubuwan da ke tafiyar da wannan faifai su ne gado daga iyaye, da abinci, da lafiya, da isasshen barci. Gado shi ke yanka iyakar da yaro zai iya kaiwa, abinci da lafiya su ke sa ya kai wannan iyaka ko ya tsaya a hanya. Dogayen da muke gani a wasan ƙwallon kwando ba wasan ne ya miƙar da su ba, tsawonsu ne ya sa aka zaɓe su.

To mene ne amfanin motsa jiki ke nan? Amfaninsa babba ne, kuma yana da lokacinsa. Tun a 1892 wani likitan ƙasar Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana gina kansa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Ana ganin haka a fili wajen masu wasan tanis, inda ƙashin hannun da suke bugu da shi ya fi na ɗaya hannun kauri, alhali mutum ɗaya ne, abinci ɗaya yake ci. Wani bincike da aka yi a lardin Saskacewan na ƙasar Kanada, wanda aka bi yara shekara shida ana auna su aka fitar da sakamakonsa a 1999, ya nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ma'adinin da ke ƙashin babban mutum a cikin shekara biyu kacal yake taruwa, wato a lokacin da yaro ke tsakiyar miƙewar balaga. Ya kuma nuna cewa yaran da suka fi kazar-kazar sun fi tara wannan ma'adini, maza da kashi 9 cikin ɗari, mata da kashi 17. Malamaina, waɗannan shekaru biyu galibi a hannunku suke faɗowa, daga ƙarshen firamare zuwa aji uku ko huɗu na sakandare. Abin da ba a tara ba a lokacin, da wuya a rama shi a shekara arba'in.

Kuma ba kowane motsi ne ƙashi ke amsawa ba. Ya fi son tsalle da dira da gudu mai canza hanya, fiye da doguwar tafiya a hankali. A jihar Oregon ta Amurka an sa 'yan firamare suna dirowa daga kan akwati mai tsawon santimita 61, sau 100 a rana, kwana uku a mako, har wata bakwai. Da aka auna su, sai aka ga ƙashin ƙugunsu ya fi na sauran abokansu ƙarfi. Da na karanta wannan sai na yi dariya, domin abin da suka ƙera akwati don su yi, shi ne muke yi a dandali da sunan langa. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, yana kaucewa, yana ture abokin karawa, ai ba a ƙirƙiro abin da ya fi wannan gina ƙashin ƙugu ba. Haka 'yar gala-gala da tsallen igiya da gaɗa ga 'yan mata, haka kokawa a kan yashi bayan girbi. Langa har ta shiga jerin wasannin gargajiya da ake yi a gasar wasanni ta ƙasa, amma a filayen makarantunmu ta zama baƙuwa, kamar muna jin kunyarta.

Yanzu mu zo ga ɗan karkara. Babu mai musun cewa ya fi ɗan birni motsi. Yaron da ke fitowa daga ƙauyukan Lausu ko Saji ko Durba zuwa makarantar jeka-ka-dawo, kafin ya zauna a aji ya riga ya ɗebo ruwa, ya ba dabbobi ciyawa, ya yi tafiyar ƙasa ko ya tuƙa keke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa numfashi ya ɗaga a kowace rana. Wannan yaro kan cika mintocinsa tun kafin a kaɗa ƙararrawar asambule. Da a ce motsi ke kawo tsawo, da shi ne zai fi kowa. Amma ga abin da alƙaluma suka nuna. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya sami kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A birane kashi 27 ne, a karkara kashi 45. A Jihar Kano kuwa kashi 57 ne, fiye da rabi ke nan. Waɗannan yara da aka auna a 2018 su ne yanzu ke manyan azuzuwan firamare, wasunsu sun shigo ƙaramar sakandare, suna zaune a kan bencinan da muka zauna. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin na ƙasa ya haura zuwa wajen kashi 40.

Wani babban nazari da mujallar Nature ta buga a 2023, wanda ya tattara awon yara da matasa miliyan 71 daga 1990 zuwa 2020, ya ƙara fito da abin fili. A mafi yawan ƙasashen duniya tazarar tsawo tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye ta ragu, domin na ƙauye sun kamo. Amma a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara, ga yara maza, tazarar ƙaruwa ta yi. Yaran karkara ba su fi na gabansu tsawo ba, a wasu wuraren ma da alama sun ragu.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne. Jiki yana da kasafi kamar ma'aikata, kuma mu ma'aikatan gwamnati mun san abin da ke faruwa idan kuɗin da aka saki bai kai abin da aka rubuta ba: a biya albashi, a dakatar da gine-gine. Haka jiki yake yi. Sai ya biya ƙwaƙwalwa da zuciya, ya biya yaƙi da cuta, ya biya aikin da aka sa yaro, abin da ya rage shi ne na girma. Wani masani Ba'amurke, Samuel Urlacher, ya yi shekaru yana nazarin yaran wata ƙabila ta manoma da mafarauta a dajin Amazon na ƙasar Ikwado, ana ce musu Shuar (ba Shuwa na Barno ba, kada a ruɗe). Ya gano cewa waɗannan yara sun fi takwarorinsu na Amurka da Ingila motsi da kusan kashi 25 cikin ɗari, amma jimillar ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a yini kusan ɗaya ne da na waɗancan. Ma'ana, jiki ba ya ƙara kasafi, sai dai ya zaftare daga wani wuri. Ya kuma gano cewa a makonnin da jikin yaro ke fama da wata cuta, ko da ba ta kwantar da shi ba, saurin girmansa kan iya raguwa da kusan rabi.

Ku auna wannan da yanayinmu. A watannin Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, a lokacin ne noma ya fi tsanani, a lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. Dogon hutun makaranta ma a nan yake faɗowa, wanda ga ɗan birni hutu ne, ga ɗan manomi kuwa fartanya ce daga safe zuwa azahar. Ga tsutsar ciki mai shan jini. Ga tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a duk inda yara ke wanka a kududdufi da magudanan noman rani, kamar waɗanda ke ɗauko ruwan madatsar Tiga zuwa Bunkure da Kura da Kadawa. Akwai wuraren da har yau ake ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya zama namiji. Ba alamar komai ba ce illa jini da ke zuba kullum daga jikin da ba shi da rara. Sa'an nan a duba irin aikin da kansa. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ban da ita kanta jarkar, kuma akwai yarinya 'yar shekara goma da nauyinta duka bai wuce haka da yawa ba. Wannan ba motsa jiki ba ne, dako ne. Wasa yana da hutu, yaro yana tsayawa idan ya gaji, yana motsa gaɓoɓinsa duka. Aiki kuwa gaɓa ɗaya yake ci, kuma ba a tashi sai an gama.

Ina roƙon malamanmu su yi mini afuwa a nan. Mu da muka yi makarantar kwana mun san gudun asuba da yankan ciyawa da tsallen kwaɗo na horo, mun kuma san kokon safe da gabzar dare. Babu wanda gudu ya kashe a cikinmu, tarbiyyar da muka samu kuma ita ce ta kawo mu inda muke. Amma a sa yaron da ya kwana da yunwa ya zagaye fili sau biyar kafin ya karya, a ce ana gina shi, wannan lissafin bai fita ba. Bahaushe ya riga ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shi kansa ƙashin da muke cewa tsalle na ginawa, da sinadarin kalsiyam yake ginuwa. Likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ƙarƙashin Dokta Tom Thacher, sun nuna a 1999 cewa lanƙwashewar ƙafa da ake gani a yaranmu, gwame da ƙafar baka, ba rashin hasken rana ne babban dalilinsa ba kamar a Turai, ƙarancin kalsiyam ne a abinci. Yaran da suka duba ba sa samun fiye da wajen miligiram 200 a rana. Alhali ga nono, ga kuka, ga zogale, ga riɗi, ga ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu, duk a kasuwannin ƙasar nan.

Kada wani ya ce ai gajarta ba cuta ba ce. Gajartar gado ba cuta ba ce, haka Allah ya halicci wasu, kuma cikinmu nan akwai gajeru da suka fi dogaye kai. Amma tsumburewa daban ce, tana tafiya da raunin karatu da raunin jiki. Wanda ya taɓa raka ƙaninsa wajen ɗaukar 'yan sanda ya san ana neman namiji ya kai mita 1.67, mace mita 1.64, kuma yara nawa ne masu kyakkyawan sakamako aka mayar gida saboda santimita biyu? Ga 'ya mace kuwa abin ya fi haka nauyi, domin ƙugun da bai gama girma ba yana daga cikin abubuwan da ke jawo doguwar naƙuda, da abin da ke biyo bayanta wanda ake jinyarsa a sashen masu yoyon fitsari na asibitin Murtala da ke Kano. Wani abin ƙarfafa gwiwa shi ne binciken da masanan Ingila suka daɗe suna yi a ƙauyen Keneba na ƙasar Gambiya, wanda ya nuna cewa yaran karkara da suka tsumbure suna ƙanana sukan rama wani ɓangare na tsawon a lokacin balaga, saboda girmansu kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya tsaya. Ashe ƙofar ba ta gama rufewa ba lokacin da yaro ya shigo aji ɗaya.

Na ɗan birni ba zan tsawaita ba, domin kowa na ganinsa a falonsa. Ya fi tsawo, ya fi cika ido. Amma daga ƙofar gida A-daidaita-sahu ke ɗaukarsa zuwa ƙofar makaranta, makarantar kuwa sau da yawa gidan haya ne da aka yanka ɗakuna, ba ta da filin da akuya za ta juya. Daga nan sai lesin, sai Islamiyya, sai waya a hannu har barci. Filayen unguwa da muka tarar ana ƙwallo a cikinsu sun zama shaguna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa kashi 81 cikin ɗari na matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika minti 60 ɗin nan, mata kashi 85, maza kashi 78. A Maiduguri, masu bincike na jami'ar garin sun ruwaito a 2016 cewa kashi 37 ne kawai na 'yan sakandaren da suka tambaya ke cikawa. Sakamakonsa dogon yaro mai taushin ƙashi da teɓa, wanda ke ajiye wa kansa hawan jini da ciwon suga. Sai dai ko a nan kada a ɗora wa zama laifin duka. Urlacher ɗin nan da ya kwatanta yaran Shuar na daji da 'yan'uwansu da suka koma kusa da gari, ya ga na garin sun fi kitse nesa ba kusa ba, kuma babban abin da ya bambanta su shi ne abincin kanti. Taliyar leda da lemon kwalba da biskit da muke cusa wa yara a jaka kowace safiya suna da nasu kason. Kuma kada mu ɗauka wannan matsalar Kano ce kaɗai, cikin garin Rano ma ta fara shigowa, duk gidan da babur da wayar hannu suka shiga.

Waɗanda suka fi kowa asara a ɓangarorin biyu su ne 'yan mata. Da zarar yarinya ta fara girma sai a ce ta daina tsalle-tsalle, daidai lokacin da ƙashinta ya fi bukatarsa. Ba na kiran a yi abin da ya saɓa wa addini ko kunya. Fili mai katanga, malama mace, sutura ta mutunci, shi ke nan. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ma sau ɗaya ba.

Mai girma shugaba, na san akwai 'yan'uwa da ke son gudummawar bana ta tafi ga ƙofar shiga mai ɗauke da sunan ƙungiya. Ban raina ra'ayinsu ba, amma ni ga abin da nake roƙon a sa a gaban babban taro. A sayi sikeli da ma'aunin tsawo a ajiye a ɗakin shan magani, a auna kowane ɗalibi a farkon kowane zangon karatu, a rubuta a katinsa kusa da makin Turanci da Lissafi. Kuɗin wannan bai kai na fentin ƙofa ba, kuma cikin shekara guda malamin aji zai gane yaron da girmansa ya tsaya, a kira mahaifinsa, a tura shi asibiti. 'Yan'uwanmu da ke aikin lafiya su tuntuɓi sashen lafiya na ƙananan hukumomin Rano da Kibiya don a tabbatar maganin tsutsar ciki da na tsargiya, wanda ake rabawa a makarantu kyauta, yana isowa ga ɗalibanmu. A nemo taswirar filin makaranta a kafa masa alamun iyaka tun kafin masu neman wurin shago su riga mu. Darasin motsa jiki da ke cikin jadawalin ƙaramar sakandare a fitar da shi daga kan allo zuwa fili, a mayar da langa cikin gasar gidaje. Abin da ya rage na kuɗin kuwa, ko ƙosai da ƙuli-ƙuli ne, ko kofin nono sau biyu a mako, a fara da 'yan aji ɗaya masu zuwa daga ƙauyukan nesa, a ba su kafin a fitar da su fili, ba bayan an dawo ba. Na miƙa wa sakatare wannan shawara a rubuce, kuma ina neman wanda zai goya mata baya idan an zo tattauna kasafi bayan sallar Azahar.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.